Iccen da Mainassara Ya Sare

A Gidan Salihu, wani ƙauye cikin ƙasar Mai Yara, tafiyar rabin yini a amalanke daga Dakoro, babu wanda bai san Mainassara da icce ba. In ka hangi mutum tsugune a gona da rana tsaka, lokacin da kowa ya nemi inuwa, yana gyara rassan 'yar sabara da wuƙa kamar mai yi wa jariri aski, ba sai ka tambaya ba, shi ne.

Yana saurayi aka yi yunwar tamanin da huɗu. Da idonsa ya ga an sare duk abin da ke tsaye an kai kasuwa don a sami na sawa a baki, har ta kai daga bayan gari kana hango raƙumi tun yana ɗan ɗigo, babu abin da ya tare maka ido. A damina guda rairayi ya binne shukar ubansa sau uku. Da gonar ta dawo hannunsa, sai ya daina ƙone tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture. Yakan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya share sauran. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai rago ne, sassabe ya gagare shi. Shekara goma ba ta cika ba masu dariyar suka koma aiko matansu roƙon 'ya'yan gao saboda awaki. Lokacin da masu furoje, wato ma'aikatan raya karkara, suka zo koyar da abin da suka kira sassaben zamani, sun tarar ya riga su nisa. Da aka kafa kwamitin tsaron icce na gari, ba a yi gardama ba aka ba shi shugabanci. Bai taɓa zagin wanda ya kama yana sara ba. Gatarin kawai yake riƙewa, ya ce, "Taho mu tahi wurin maigari."

Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Alhusaini maƙeri. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, tare suka je cin rani, kuma duk wani ƙarfe da ke gidan Mainassara, daga hauya har gatari, daga hannun Alhusaini ya fito. Maƙerar tana ƙarƙashin wani ƙaton bedi, wato dogon yaro, da mahaifin Alhusaini ya dasa shekarar da aka haife shi. Rassansa sun tsallake katanga sun rufe rabin tsakar gidan Mainassara. A nan dattawan unguwa suke yini da rani, ana zuga ana hira.

Matarsa Uwale 'yar makiyaya ce daga wajen Korahane, doguwa, mai kaifin baki da zafin nama. Haihuwa shida ta yi, huɗu suka tsaya. Babbarsu Sa'adiyya tana aure a Dakoro, mazan kuma duk sun watse neman abinci. Uwale ba ta san kwanciyar ciwo ba. Ita ce mai hawa aduwa da kanta ta kaɗo dubagira lokacin da sa'o'inta suke aiken jikoki.

Ciwon ya fara mata shekara takwas da suka wuce, da bazara, bayan sanyi ya tafi da daɗewa. Atishawa ce ta fara, goma a jere, har jikoki suna ƙirgawa suna dariya. Sai idanu suka yi ja suna ƙaiƙayi, hanci yana zuba kamar tulu mai tsaga. Aka ce mura ce. Da ruwan sama ya zauna ta warke sarai, aka manta. Bazara ta zagayo, ciwo ya zagayo da ita. A shekara ta uku ya sauka ƙirji. In tana numfashi sai ka ji wani siririn fito kamar iska na bin ƙofar kara, in ta ɗauki taɓarya sau biyar sai ta dafa turmi.

Babu abin da ba a gwada ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa saiwoyi. Wasu tsofaffi suka ce iska ce ta taɓa ta a gindin aduwa, a yi mata abin da ake yi. Uwale ta ce ita ba ta ga kowa a gindin aduwa ba sai ƙaya.

A shekara ta huɗu Mainassara ya ɗora ta a amalanke ya kai ta ɗakin shan maganin da ke garin gaba da su. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya sa mata abin sauraro a baya, ya tambaye ta watan da abin ke tashi da watan da yake kwanciya. Ya juyo ya dubi Mainassara.

"Baba, akwai icce a gidanku?"

Mainassara ya yi murmushi, ya ce, "Akwai kam."

"To, ina jin shi ne. Ka san bununin hatsi, wanda ke manne maka a riga in ka ratsa gona? Icce ma yana da nashi in ya yi hure, sai dai ya fi laushi, ido bai cika ganinsa ba. Wani ya shaƙa bai ji komi ba, wani kuma jikinsa bai ɗauka. Ku nisanta ta da icce mai hure."

Ya ba su 'yan ƙwayoyi. Layi ya yi tsawo a waje, bai ƙara komai ba, su ma ba su tambaya ba.

Mainassara ya mayar da ita gida. Bedi uku ne a tsakar gidansa, shi ya dasa su da hannunsa, kuma a lokacin duk sun yi fari fat da fure, ƙamshinsu ya cika unguwa. Kwana biyu yana zagaya su. A rana ta uku da hantsi ya ɗauko gatari. Uwale ta fito daga ɗaki da tsumma a hanci.

"Malam, mi za ka yi?"

"Abin da majo ya ce."

"Majo ya ce a nisanta ni, bai ce a sare ba. Ka kai ni ɗakin baya."

"Shiga ciki, Uwale."

Kafin la'asar ukun suna ƙasa. Babu wanda ya yi magana, tun da iccen gidansa ne. Amma ciwon bai ragu ba ko kaɗan. Mainassara ya ɗaga kai, sai ga rassan bedin maƙera a kan katanga, furensa na zuba a kan randar ruwa.

Ya sami Alhusaini a bakin zugazugi. Suka gaisa, ya zauna a kan kututturen da ya saba zama, ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Alhusaini ya ajiye masaba.

"Rassan da sunka shiga gidanka, ka datse su yau, ni zan riƙe maka tsani. In kana so ma Uwale ta koma gidan ƙanwata a bakin gari har hure ya kaɗe. Amma uwar iccen, Mainassara, kai ma ka san ba ta yiwuwa. Tsohona ya dasa shi. A nan anka yi mashi wanka."

"Rai ake magana, Alhusaini."

"Na sani. Da na tabbata shi ne, da ni zan fara sara. Ka tabbata?"

Mainassara bai tabbata ba, kuma tambayar ta ƙona masa rai fiye da ƙin da aka yi masa. Suka datse rassan tare.

Bayan kwana tara, ranar kasuwar Dakoro, Alhusaini ya yi sammako da kayan ƙirarsa. Da hantsi Uwale tana tankaɗe sai numfashi ya tsaya mata. Mainassara ya same ta durƙushe, ta dafa ƙasa da hannu biyu, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, leɓɓanta sun yi duhu. Tana kallonsa, tana son magana, babu iskar da za ta yi ta. Matan maƙwabta suka taru, wannan na fifita, wannan na salati. An ɗauki lokaci kafin abin ya sake ta, ta kwanta a tabarma kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

Mainassara ya tashi daga gefenta, ya ɗauki gatari, ya fita ta ƙofar gida ya shiga maƙera.

Iccen ba ƙarami ba ne. Mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsa. Ya fara sara rana na tsaka, mutane suka taru a nesa suna kallo. Matar Alhusaini ta fito tana roƙonsa da Allah da Annabi ya jira maigidan ya dawo. Wani dattijo ya matso ya ce, "Mainassara, kai ne kuwa?" Bai ɗaga kai ba. Tafin hannunsa ya fashe, ya naɗe da rawani ya ci gaba. Babu wanda ya riƙe masa gatari, domin shi ne mai riƙe gatarin mutane, kuma ba a san yadda ake riƙe nasa ba. Bayan la'asar iccen ya yi wata ƙara, ya karkata, ya faɗi a kan rumfar maƙera ya murƙushe ta, ya rusa kusurwar katanga.

Rana na shirin faɗuwa Alhusaini ya iso. Ya sauka daga amalanke, ya tsaya ya dubi sararin da ya buɗe a saman gidansa. Ya zagaya kututturen, ya sunkuya ya duba bakin saran, irin duban da maƙeri ke yi wa aikin ƙarfensa. Sai ya shiga tsakanin rassa ya jawo zugazuginsa da uwar maƙera, ya shige gida. Ko kallon inda Mainassara yake tsaye bai yi ba.

Washegari maigari ya tara dattawa. Alhusaini ya ce shi bai kawo ƙara ba, kuma ba ya son a kira masu gandun daji. Maigari ya ce ko babu ƙara akwai abin da ido ya gani.

"Shekara ashirin kana kawo mani mutane a kan reshe guda. Yau mi zan ce masu?"

"Ranka ya daɗe, matata ce za ta mutu."

"Mun ji, kuma Allah ya ba ta lahiya. Amma shugabancin kwamiti ka aje shi."

Ya ajiye. A ransa ya ce in dai Uwale za ta yi numfashi, su riƙe kwamitinsu. Bayan kwana goma ruwa ya sauka, ta miƙe ta ci gaba da aikinta, shi kuma ya ɗauka aikinsa ne ya yi magani. Ya gyara katanga shi kaɗai. Alhusaini ya kwashe maƙerarsa ya mayar can ƙarshen gari, ya kafa rumfar kara. In sun haɗu a masallaci sukan yi musabaha, hannu ya taɓa hannu, shi ke nan.

Uwale kuwa ba ta gode masa ba. Matar Alhusaini ƙawarta ce tun zuwanta garin, ita ta karɓi haihuwarta huɗu. Yanzu in sun haɗu a rijiya sai kowa ta dubi gugarta.

Bazara ta sake zagayowa. A duk unguwar babu bedi ko ɗaya, tsakar gidan Mainassara fayau kamar faranti, rana na dukan ƙofar ɗaki tun hantsi. Wata safiya yana alwala ya ji atishawa daga ɗaki. Ya tsaya da buta a hannu yana ƙirgawa. Goma sha ɗaya. Kafin mako ya cika fiton nan ya dawo ƙirjinta, daidai yadda yake bara, ko ma ya fi.

Ya fita ya tsaya a tsakar gida yana jujjuyawa, yana neman iccen da ya rage. Babu, sai na gonaki can nesa, waɗanda shi da kansa ya raina, ɗaruruwa, har inda ido ya tsaya. Ya daɗe yana kallonsu. Daga baya ya shiga ɗaki ya ce ta haɗa kayanta, zai kai ta wurin ƙanenta Yazidu.

Yazidu makiyayi ne, a lokacin yana zaune da dabbobinsa kusa da wata rijiya can gaba da Korahane, a fili fetal, inda in ka ga icce ɗaya sai ka yi tafiya kafin ka ga na biyu. Ya karɓe su hannu biyu, ya kafa wa yayarsa bukka. Kwana uku da zuwansu idanun Uwale suka washe. A kwana na bakwai ta karɓi ƙwarya ta tatsi saniya, tana yi wa matar Yazidu tsiya wai ta manta yadda ake kama hantsa. Mainassara ya zauna a gindin amalanke yana jin dariyarta. Ya ce wa Yazidu in ta kama, kowace shekara nan za su riƙa yin bazara.

A kwana na goma sha biyu iska ta juya. Tun zuwansu daga gabas take busowa, busasshiya. Ran nan da safe sai ta taso daga kudu maso yamma, mai ɗumi, mai nauyi. Shanu suka ɗaga hanci suna shaƙa. Yazidu ya yi murna, ya ce damina ta kusa. Kafin azahar Uwale ta fara murza ido.

Kwana biyu iskar tana busowa, tana ƙara tsananta mata. A na uku da la'asar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, guguwa ta riga shi isowa, aka yi yayyafi kaɗan mai ƙamshin ƙasa. Yayyafin bai gama sauka ba Uwale ta faɗi a bakin bukka. Wannan karon ko fiton babu. Ƙirjinta na ɗagawa, babu abin da ke shiga.

Wani mai moto, wato babur, da ya zo sayen rago yana wurin, ya fake wa hadari. Aka ɗora ta a tsakiya, Mainassara ya zauna a baya ya rungume ta, aka ɗaure su da rawanin Yazidu. Bai san tsawon tafiyar ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne kanta da ke faɗowa a kafaɗarsa yana ɗagawa, yana kiran sunanta a kunne, yana cewa ga Dakoro nan, ga Dakoro nan, alhali babu komai a gabansu sai rairayi da hanyar shanu.

Da rai suka isa asibiti. Aka sa mata abin shaƙa a fuska, aka yi allura, aka ɗaura ƙarin ruwa. Sa'adiyya ta iso da gudu ko takalmi babu. Sai da aka kwana biyu kafin Uwale ta iya haɗa kalma uku ba ta tsaya ba.

Likitar da ta duba ta mace ce, ana kiranta Madam Kadija, ba ta wuce sa'ar Sa'adiyya ba. A rana ta uku Mainassara ya tare ta a baranda, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ɗiyata, ina da tambaya. An ce mani huren icce ne. Na sare na gidana, na sare na maƙwabci. Na kai ta inda babu icce. To, wanga daga ina ya hito?"

Ta dube shi, ta dubi hannunsa, ta jawo benci ta ce ya zauna.

"Baba, wanda ya ce maka hure ne bai yi ƙarya ba. Amma garin huren ba ya zama gindin uwarsa. In rana ta yi zahi, ƙasa ta bushe, yana tashi sama da zahin, iska ta ɗauke shi. Yana iya yin tahiyar kilomita goma, yana iya yin ɗari, har fiye, kahin ya sauka. Kwana nawa da iska ta juya kudu?"

"Biyar yau."

"To, ka ga ta ratso dazuzzuka da gulabe da garuruwan da ni da kai ba mu taɓa zuwa ba. Duk abin da ya yi hure a can, ta ɗebo rabonta. Ruwan farko kuma, mai zuwa da guguwa, yakan kaɗo shi ƙasa ya farfasa shi, ya ƙara laushi, ya shige can cikin huhu. Shi ya sa ta faɗi lokacin yayyafi. Sai ruwa ya zauna sosai yake wanke sama."

Mainassara ya ce, "Wane icce ne?"

"Ban sani ba. Yana iya zama bedi, yana iya zama ƙirya ko wata ƙaya, yana iya zama ma har da ciyawa. Awon da ke nuna wannan ba mu da shi nan."

"Na maƙwabcina fa? Babba ne. Rassansa har cikin gidana."

Mainassara ya ga tana neman yadda za ta faɗa.

"In bedi ne ke tada mata, to ya ƙara mata wani abu. In ba shi ba ne, bai yi mata komi ba. Ko wanne ne, Baba, ba a sare wa iska hanya da gatari."

Ta nuna masa ɗan bututun da Uwale za ta riƙa shaƙa in abin ya taso, da wani na kowace safiya tun kafin bazara ta kama. Ta ce a rufe ƙofa da taga in iskar kudu na busowa, a rataya jiƙaƙƙen zane, kada a shanya tufafinta a waje, in hadari ya haɗu ta shige ɗaki tun kafin guguwa. Ta ce abu mafi muhimmanci, watannin nan uku kada ta yi nisa da asibiti, domin wanda ya faɗi irin wannan faɗuwa sau ɗaya yana iya sakewa.

Sa'adiyya ta ce magana ta ƙare, Inna a wurinta za ta riƙa yin bazara. Mijinta Abdulganiyu, tela ne a bakin kasuwa, ya kwashe kayan ɗinkinsa daga ɗaki guda ya sa masa taga mai gilashi.

Mainassara ya koma Gidan Salihu shi kaɗai. Bai sauka gida ba, ya wuce ƙarshen gari. Alhusaini na zaune a rumfar kara, rana ta ratso ta kowace kafa, gumi na ɗiga daga gemunsa a kan ƙarfe. Ya tsufa a shekara ɗaya. Babu dattijo ko ɗaya a wurin, don babu inda za a zauna. Mainassara ya yi sallama, ya tsuguna a rana, ya faɗa masa duk abin da likita ta ce, bai rage komai ba.

"Ka tambaye ni ko na tabbata. Ban tabbata ba. Na zalunce ka, Alhusaini. Ka yahe mani."

Alhusaini ya ci gaba da juya ƙarfe a wuta. Da ya yi ja ya fitar, ya buga, ya mayar.

"Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Yahiya kuwa, tun ranar na yahe, don kada in kwana da kai a raina. Da matata ce, wa ya san abin da zan yi." Ya ɗaga kai ya dube shi karo na farko. "Amma kada ka ce mu koma kamar da. In na gan ka, ƙarar faɗuwarsa nake ji, ni da ban ma kasance wurin ba. Ka bar ni haka."

Mainassara ya ce zai kawo masa dashe, ya yi masa ban ruwa da kansa har ya kama. Alhusaini ya ce shekarunsa sittin ba kaɗan, inuwar wa za a dasa? Ya ja zugazugi. Mainassara ya jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, ya tashi.

Shekara uku ke nan ana haka. Da sanyi ya fara ja baya Sa'adiyya take aiko mota a ɗauki uwarta, ba ta dawowa sai ruwa ya zauna. Sau biyu a cikin shekarun nan an sake kwantar da ita, amma ba kamar na farko ba. Mainassara na zuwa duk ranar kasuwa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin mai gilashi, ta tambaye shi awakinta ɗaya bayan ɗaya. Gonarsa tana nan da itatuwanta, yana gyara su kamar da, sai dai ya daina yi wa kowa maganar icce. In ya ji sara a daji yakan sake hanya.

Bana Uwale ta ƙi tafiya. Motar ta zo da Sa'adiyya a ciki ta tsaya a ƙofar gida, Uwale ta ce ita ta gaji da zaman ɗaki kamar kazar da aka kife da kwando, ta gaji da cin tuwon suruki, in mutuwa ce ta same ta a ɗakinta. Sa'adiyya ta yi lallashi, ta yi kuka. Mainassara na tsaye a gefe. A ƙarshe ya matso ya ce, a hankali, yadda direba ba zai ji ba:

"Uwale, in kin faɗi nan, ban san abin da zan sake yi ba. Ki tahi."

Ta dube shi ta daɗe. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙullin kayanta, ta ce wa Sa'adiyya ta riƙe mata bututun kada ya faɗi a hanya.

Ruwan shuka ya sauka bayan tafiyarta da wata biyu da 'yan kwanaki. Da gari ya waye kowa ya fita gona, miji a gaba da sungumi yana sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Likita ta ce Uwale ta jira ruwa na uku kafin ta dawo. Mainassara ya sari layi ɗaya har ƙarshen gona, ya ajiye sungumi, ya dawo farko ya ɗauki ƙwaryar iri ya bi ramukan yana zubawa. Kafin ya gama rabin gonar ƙasa ta fara shan iska, ya bar sauran sai wani ruwan.